Yaya Hanci da Kwantenar da Ta Tsayar

Ina cikin kwantena ina duba kwalin da aka jera a jikin bango wayata ta fara ƙara a jakar da na rataya a ƙofa. Ban kula ta ba, don 'yan dako suna tsaye da buhuna a ka suna jiran in ce su shigo. A kira na uku Baba Ƙugiya, shugabansu, ya ciro ta ya miƙo min, ya ce ko wane ne wannan ba shi da niyyar haƙura. Auta ce, 'yar Yaya Hanci ta ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Anti, Mama ta cika. Yanzun nan. Ko ruwan da na ɗora mata ban sauke ba."

Na yi salati, sai ga ni zaune a kan buhun gyaɗa, abin da da tana nan da harara ɗaya za ta tashe ni. 'Yan dako suka dubi fuskata, suka shiga sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya ce musu su sauke. Baba Ƙugiya ya juya mana baya yana ta goge ƙugiyar ɗaukar buhunsa da gefen riga, alhali ba abin da ya taɓa ta.

Shekara goma sha tara muka yi a sito ɗaya ni da ita. Ba yayata ba ce ta jini, amma duk wanda ya ji yadda take yi min faɗa sai ya ɗauka ciki ɗaya muka fito. Ita gajera ce mai jiki, ni doguwa ba tsoka, shi ya sa tun ranar farko ta sa min Tsinke, kuma har ta bar duniya ba ta kira ni da wani suna ba.

Kamfaninmu gyaɗa da busasshiyar kwakwa yake fitarwa ƙasashen waje. Gyaɗa tana zuwa a ɓare daga ƙauyukan tudu, kwakwa kuma a fashe daga garuruwan bakin ruwa, mu ƙarasa busar da ita a ɗakin busarwa. Mata su tsince a kan dogayen tebura, a zuba a buhu, a ɗinke, a jera a kan katako, sannan a loda a kwantena a kai tashar jiragen ruwa. Daga nan kaya kan yi sati biyar ko shida a teku, a rufe cikin akwatin ƙarfe. Abin da ke kashe wannan sana'a danshi ne. Buhu ɗaya da bai bushe ba, in aka rufe shi da sauran, zai yi gumi, ya yi funfuna, ya shafa wa na kusa da shi. Funfunar gyaɗa kuwa ba ɓata kaya kawai take yi ba, guba ce, kuma can inda ake kai ta an ce yara ne suka fi cin abin da ake sarrafawa da ita.

Muna da na'urar auna danshi, akwai kuma ɗakin gwaji da ake aika wa samfur. Amma kwantena ɗaya buhu ɗari uku da tamanin take ci, ba mai iya huda su duka. Na'ura abin da aka ba ta take aunawa. Wanda zai nuna buhun da za a huda shi ne mai aikin gaske, kuma a sitonmu ita ce. Takan bi layin buhuna a hankali, hannuwa a baya, ta tsaya, ta kai fuska jikin buhu, ta wuce. Wanda ta yarda da shi ta ja masa layin alli, wanda ta ƙi ta yi masa zagaye. Ni nake bin ta da kwanon alli da bututun ƙarfen da ake huda buhu a ɗebo na gwaji. Ba kwantenar da ake sa wa hatimi sai allinta ya hau kowane buhu.

Babanta mai sayen gyaɗa ne a kasuwar ƙauye, a rumfarsa ta yi wayo. Aji huɗu ta bar makaranta. Mijinta direban tirela ne, shi ya kawo ta birni, kuma a kan hanya ya rasu ya bar ta da yara biyar, Auta tana goye. Shara ta fara yi a siton. Wata rana tana share ƙarƙashin katako ta ce wa tsohon mai kamfanin, uban na yanzu, layin nan na uku yana bashi. Ya ce wa ya tambaye ta. Ta ce ba kowa, ai kayansa ne, ta ci gaba da shararta. Kafin a tashi ya sa aka farke buhu goma, bakwai suka fito kore. Washegari da hannunsa ya karɓe tsintsiyar ya ba ta alli.

Hancin nan ta riƙe shi kamar yadda tela ke riƙon kekensa. Ba turare, ba man shafawa mai ƙamshi, ba albasa da safe. Manajanmu matashi ne mai digiri biyu. Ranar da ya kama aiki ya shigo sito yana tashin ƙamshi, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, ko ka tsaya daga ƙofa, ko ka je ka yi wanka ka dawo. Duk gyaɗar nan kai nake ji a jikinta." Tun daga ranar a mota yake barin kwalbar turarensa, kuma Mama yake ce mata. A gida ma yaranta ba su huta ba. Ɗanta na biyu ya taɓa gwada sigari, ya tauna ɓawon lemo, ya canja riga a gidan abokinsa, amma tun yana kan matakala ta ɗaga murya ta ce ya koma ya canja gashin kansa ma. Baba Ƙugiya kuwa duk shekara sai ya nemi aurenta a gaban jama'a, ita kuma amsarta ɗaya ce, ya fara rabuwa da hular nan da take jiyowa tun daga get.

Ɗaki biyu take zaune a ciki, a saman wani shagon walda. Taga ɗaya mai kallon titi, kujeru uku, ɗayar an tallafe ƙafarta da bulo. A ɗakin nan yarana suka koyi tafiya. Lokacin da na yi ɓari mijina yana tafiye, ita ta ɗauke ni ta kai ni can, ta wanke ni, ta kwantar da ni a gadonta ta koma ƙasa kwana tara. Ba ta taɓa tuna min ba.

Kusan shekara biyu da suka wuce ta yi wata mura mai zazzaɓi, ta kwanta sati biyu ta dawo. Wata rana da azahar muna cin abinci a bayan ɗakin busarwa, injin ya yi zafi, kwakwar ciki ta fara ƙonewa. Ƙauri ya cika ko'ina, mata daga can tebura suna tari suna kiran a kashe wuta. Ita tana zaune taku biyar daga ƙofar, tana ba ni labarin maƙwabciyarta da ta sayi firji ba ta da inda za ta ajiye. Sai da ta ga hayaƙi da idonta ta miƙe. A cikin rububin ba wanda ya lura sai ni.

Da aka lafa na ja ta gefe na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ta dubi tafin hannunta. Sannan ta ce, "Tun murar nan. Ko tukunyata ta kama ban sani ba sai Auta ta faɗa."

Ta ce zai dawo, na ce zai dawo. Muka jira wata guda tana dogaro da hannu da haƙori, tana huda buhu fiye da yadda ta saba. Bai dawo ba.

Ni na kawo shawarar, ba ita ba, ina so a san wannan. Na ce mata Auta saura shekara ɗaya da rabi ta gama makarantar jinya, ita kuma shekararta hamsin da bakwai ba takarda ko ɗaya, wa zai ɗauke ta. Akwai abin da ban faɗa ba amma mu biyun mun sani. Siton nan ne kaɗai wurin da masu digiri ke tsayawa su yi shiru sai ta yi magana. Na ce tunda dama ina bayanta da kwanon alli, ni zan riƙa shinshinawa. In buhu lafiya yake, kwano yana hannun dama. In ba lafiya ba, in mai da shi hagu. Ita ta sa alli kamar kullum.

Kwana uku ba ta amsa min ba. A na huɗu ta ce ta yarda, amma sai ta koya min da kyau, don abin da na tsinta a bayanta shekara da shekaru bai isa ta ɗora ran mutane a kai ba. Ta riƙa jiƙa gyaɗa da kwakwa da kanta a gida, ta ƙulla a tsumma, ta sa wa kowane ƙulli alamar kwanansa, tunda ita ba za ta iya rarrabewa ba sai da alamar. Da azahar ta sa in rufe ido ta kai min hanci. Ta ce gyaɗa mai kyau ƙasa-ƙasa take ji, a bushe. Wadda ta fara tafiya kuwa kamar kabad ɗin da aka manta jiƙaƙƙen tawul a ciki. Kwakwa in ta juya sabulu-sabulu take yi, ta bar maƙaƙi a maƙogwaro. In na kuskure ta ce wai wannan hancin nawa don ado aka liƙa min shi. In na dace ba ta yabo, sai dai ta tura min naman da ke kwanonta.

Wata goma sha huɗu muka yi a haka. Ba kwantenar da aka dawo mana da ita, ba wanda ya yi ƙorafi. Ni har na saki jiki. Ita ce dai ta canja. Ta riƙa ɗaure kai tamau da ɗankwali tana cewa kanta na sara, in aka yabe ta kuma sai ta yi tsit. Wani mai sayen kayanmu ya zo daga ƙasarsu, Manaja ya nuna masa ita ya ce ga na'urarmu da ba ta ɗauke wuta, mutumin ya ɗauki hoto da ita yana dariya. Ranar ba ta taɓa abincinta ba.

Sai haihuwar babbar 'yata ta zo da gardama, aka yi mata aiki, na yi kwana huɗu a asibiti. Tsakiyar kakar gyaɗa ce, jirgi zai tashi ƙarshen sati, kwantena uku suna jiran lodi, biyu na gyaɗa ɗaya ta kwakwa. Na kira ta na ce ita ma ta ce ba ta da lafiya. Ta ce in mu biyu muka ɓace rana ɗaya ai shi ke nan an tsaya cak, in zauna da 'yata, za ta huda ninki biyu ta bar na'ura ta yi magana. Haka kuwa ta yi. Na'ura ba ta nuna komai ba, takardar ɗakin gwaji ta fito fes, ta sa alli, aka loda, aka sa hatimi.

Da safen da na dawo kwantenonin suna tsakar fili, ƙarfe sha ɗaya motoci za su zo su ja su. Na shiga sito na bi ta inda layin gyaɗar ya tashi, ba komai sai katako a ƙasa. Sai na ji shi. Kaɗan ne, amma shi ne, kabad da jiƙaƙƙen tawul. Na durƙusa na kai fuska kan katakon da ke jikin bango, na ɗago. Tana tsaye tana kallona, ta riga ta gane.

Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Layin nan kuwa raba shi aka yi tsakanin kwantena biyun, ba wanda zai ce ga inda buhunan suka faɗa. Abin da na fara ce mata ina jin kunyarsa har yau. Na ce takardu sun fito lafiya, wataƙila buhu biyu ne ko uku, mu yi shiru. Ko kallona ba ta yi ba. Sai na ce to ta je ta gaya wa Manaja yau da safe ta jiyo, jiya ne ya kuɓuce mata, a buɗe a duba, ba sai an tona komai ba.

Ta ce, "Zai buɗe ɗaya ya ga lafiya, ya dubi agogo, ya ce sauran ai allin Mama na kansu. Kwakwar fa? Wa ya shinshina ta? Muddin yana ganin ina da hanci, da allina zai yarda. Sai ya san ba ni da shi zai buɗe duka."

Na riƙe gefen zanenta. "Yaya, Auta fa. Saura wata huɗu."

"Na sani, ni na haife ta." Ta zame zanen a hankali. "Wata goma sha huɗu ina sa alli da hancinki, na haɗiye. Wannan kuwa ba da hancin kowa na sa shi ba, Tsinke. Kuma ɗan wani ne zai ci."

Ta nufi ofis ina bin ta a baya. Ƙofa a buɗe take, Baba Ƙugiya da wani direba suna ciki suna jiran takardun fita. Ba ta jira sun fita ba. Ta ce, "Ɗana, ka tsai da motocin nan. Ba na jin ƙamshi, ba na jin wari. Ya fi shekara."

Manaja ya yi dariya, ya ɗauka cikin tsokanarta ce. Da ya ga fuskarta sai ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Ya tambaya to duk wannan lokaci wa ke tantance kaya. Ni ya kamata in amsa. Ita ta ce, "Tsinke ce, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Waɗannan ukun ne ba ta nan."

Ya kira mai kamfani. Muna tsaye muna jin faɗansa ta cikin wayar kamar yana ɗakin. Amma aka yanke hatimin duka ukun. Yini guda 'yan dako suka yi suna fito da buhu fiye da dubu a rana, ina bi ɗaya bayan ɗaya har hancina ya gaji na riƙa fita ina shan iska ina dawowa. Ita ce ta riƙe min kwanon alli. Kwakwa lafiya. Kwantenar gyaɗa ta farko lafiya. A ta biyun na yi wa buhu arba'in da shida zagaye. Da aka farke sai ga abin da ya faru. Ruwa ya kama masu kayan a ƙauye, suka zuba wadda ba ta gama bushewa ba a tsakiyar buhu, suka kewaye ta da busasshiya, daidai inda bututun ƙarfe ke tsayawa. A wasu har ta fara dunƙulewa da kore. Jirgi ya tafi ya bar mu, na gaba sai bayan sati uku, mai sayen kaya ya yi fushi sosai.

Mai kamfani ya ce a sallame mu mu biyu. Manaja ne ya tsaya, Allah ya saka masa, ya ce da ba ta yi magana ba da sunan kamfanin ne zai ruɓe a teku. Aka yanke ta koma teburin tsinta a kan albashin masu tsinta, ni kuma a ba ni alli tare da takardar gargaɗi. Ba wani taro aka yi ba. Washegari ta ajiye min kwanon a kan katako ta wuce ta nemi benci.

Sati shida ta yi a teburin, kuma ba mai saurin hannunta. Wasu matan suka riƙa matsa mata wuri suna kawo mata ruwa, wata kuma ta ce a inda za a ji ashe duk iyayin nan na aro ne. Ita dai ta ci gaba da tsintarta. Baba Ƙugiya ya daina tsokanarta gaba ɗaya, in zai wuce sai ya sunkuyar da kai. Da abin ya ishe ta, wata safiya ta ɗaga murya daga benci ta ce, "Baba Ƙugiya, yanzu fa ba na jin hular. Ko ka fasa ne?" Sito ya ɗauki dariya, shi kuwa ya tsaya da buhu a kafaɗa yana dariya yana share ido, ya ce ta sa rana kawai.

Ni ce ban iya ba. In zan wuce teburinta da kwanon allinta a hannu sai in kau da kai. Ina jin haushinta don ta ƙi bin hanyar da za ta tsira, ina jin kunyarta don na ce mu yi shiru, kuma kujerarta nake kai. Na fara cin abinci a barandar ofis ina cewa aiki ne ya yi yawa. Mukan gaisa, ta tambayi jikana, in amsa in wuce. Ba ta taɓa tambayata me ya faru ba.

A sati na shidan ta faɗi a kan tebur, jini yana zuba ta hanci. Da aka yi hoto a asibiti sai aka ga ashe ba murar ba ce. Wani ƙari ne ya daɗe yana girma a bayan hancinta, shi ya ɗauke mata jin ƙamshi, shi ne ciwon kan da take ɗaurewa da ɗankwali. Likitoci suka ce ya wuce aiki, aka ba ta magunguna aka maido ta gida. Na je asibiti sau biyu cikin ayarin 'yan sito, na tsaya daga baya. Da ta koma gida na riƙa aika abinci, ina kiran Auta a waya, amma sati uku ban hau matakalar nan ba.

Auta ce ta zo ta same ni a get cikin fararen kayanta na jinya. Yayyenta sun haɗa ƙarfi ta zana jarrabawar ƙarshe. Ta gaishe ni ta ce, "Anti, Mama ta ce in kin gama fushin ki zo, tana da aiki da ke."

Da la'asar na je, kwana biyu kafin wayar nan. An jawo gadon kusa da taga, tagar kuma a rufe da labule saboda ƙarar walda tana taɓa mata kai. Ta rame har ɗankwalin ya yi mata yawa, idonta na hagu ya ɗan kumbura. Ta dube ni ta ce ashe yanzu Tsinke biyu ne a ɗakin. Ta tambayi buhu nawa na yi wa zagaye a satin, na ce tara. Ta tambayi daga motar wa, na faɗa, ta ce dama ta san za a yi haka, in riƙa sa a zazzage nasa a kan tamfol. Na gaya mata kwantenonin nan uku sun isa, an karɓa ba ƙorafi. Ta lumshe ido ta yi hamdala.

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu. Ta ce wata goma sha huɗu na ba ta aron hancina, ba wanda ya taɓa yi mata irin wannan, ko da ba daidai muka yi ba, sauran kuma ta yafe tun a benci. Sai ta aiki Auta sayo sabulu, ta saurara har ta ji takunta ya sauka ƙasa.

"Matso, ga aikin da na kira ki. Masu zuwa dubiya ba sa daɗewa. Na tambayi Auta ta ce ba komai, na tambayi matar ɗana ta ce ba komai. Duk sun iya ladabi. Ke ki gaya min. Ɗakin nan yana wari?"

A'a ce ta fara zuwa bakina. Na haɗiye ta.

"Yana yi, Yaya. Ba sosai ba. Matashin kan nan ne, da labulen, da tagar da ba a buɗewa. Sai kuma kaɗan daga ciwon."

"Kaɗan kamar yaya?"

"Daga bakin gado ana ji. Daga kujera ba a ji."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kamar na sauke mata buhu daga ka. Ta ce to a ja kujerun baya a daina takura wa bayin Allah. Na ja su, na canja rigar matashin, na cire labulen na ninke zan tafi da shi in wanke, na buɗe tagar. Ƙarar walda ta shigo da iska, ta ce a bar ta, gara hakan. Na dawo na zauna a bakin gado.

"Ke ma koma kujera."

"Nan zan zauna."

"Za ki kashe hancinki, gobe kina da lodi."

"In ya mutu ai nawa ne."

Ta yi dariya har ta riƙe kai, sannan ta kama hannuna ta ajiye a kan ƙirjinta. Muka zauna muna jin motoci suna wucewa a ƙasa, har Auta ta dawo. Da na ga idonta ya fara nauyi na miƙe na ɗauki labulen, na ce jibi in an tashi daga aiki zan kawo shi a goge.

Ta buɗe ido. "In kin zo ki sake faɗa min, ko ya ƙaru."

"Zan faɗa miki."

"Gaskiya fa, Tsinke."

"Gaskiya, Yaya."